Shekarar da Aka Ce Babanku Ya Ɗaure Ruwa

Na daɗe ina jin ku kuna wasa da maganar nan. Duk bikin da ya faɗo cikin damina, da hadari ya haɗo sai wani a cikinku ya ce a kira jikokin Arzika su ɗaure mana shi, ku kwashe da dariya. Ranar sunan 'yar ɗan'uwanku Usman a unguwar Gesse har da tafi na ji. Ban ce komai ba saboda akwai baƙi, amma ban ci abincin sunan nan ba, kuma ba ciwon ciki ne ya hana ni ba kamar yadda na faɗa muku. Ku kun ɗauka wani kirari ne na gidanmu. Ni da na ga inda maganar ta fito na san abin da ta ci mana. Ta raba mu da gari, ta shiga tsakanin wa da ƙane, ta kuma rufe bakin babanku, mutumin da ba shi da laifin komai sai na faɗin abin da ya gani. Sunansa ma da ban taɓa kira da bakina ba tun ranar da aka kai ni ɗakinsa, ga shi yau kun sa na rubuta. To ku zauna ku ji yadda aka yi, daga nan wanda ya ga abin dariya ne sai ya ci gaba.

Ni 'yar Birnin Kebbi ce, kun sani, a unguwar Nasarawa aka haife ni, gidan malamai. Aure ne ya kai ni Argungu. Dangin babanku masunta ne da manoma, shi kaɗai ya fita daban ya koyi gini wajen wani kawunsa. Mahaifinsu ya rasu yana ƙarami, wansa Labbo ne ya rene shi. Yaya Labbo shi ya koya masa iyo, shi ya yi masa kaciya da kuɗin kifinsa, shi ya zo Birni nema masa aurena da rigar aro wadda ta yi masa gajarta. Mutum ne dogo, mai ƙaramar murya, ba ya dogon zance. Babanku ko da ya yi furfura bai taɓa zama kan tabarma ɗaya da shi ba, ƙasa yake zama. Ku riƙe wannan, don in ba ku riƙe shi ba sauran labarin ba zai shiga kanku ba.

Magini a wancan zamani abokin gabarsa ɗaya ne, ruwan sama. Da ƙasa ake gini, tubali kuwa rana ke busar da shi, ruwa ɗaya mai ƙarfi ya ishe ya mai da aikin wata guda taɓo. Saboda haka duk maginin kirki sai ya iya kallon sama, babanku kuma ya fi kowa iyawa. Ba duba yake yi ba, ba ya buga ƙasa ba ya jefa wuri. Da ya dawo sallar asuba zai ɗora bayan hannunsa jikin bangon ɗaki ya ji ko ya yi sanyi, ya tsaya tsakar gida ya ji daga ina iska take, ya duba raɓa a kan ganyen kabewa. Wani lokaci ya leƙo madafa ya tambaye ni ko gishirina ya jiƙe. Da farko na ɗauka tsokana ce, har na ce masa in yunwa yake ji ya faɗa. Ashe gishiri yakan yi laushi idan iska ta ɗauko danshi, ni da nake taɓa shi kullum ban taɓa lura ba. Mutanen unguwa sun san shi da wannan. Idan damina ta raba tsakiya, gero ya fara ciki, kowa hankalinsa na kan yadda ƙarshenta zai kasance, sai ka ga bayan la'asar an kewaye shi a gindin ɗorawar ƙofar masallaci ana tambaya. Shi kuma, Allah ya jiƙansa, ba ya iya ɓoye abin da ya gani. Yana jin daɗin a tambaye shi, wannan kam ba zan rufe masa ba. Yakan ƙare da cewa Allah ne masani, amma kafin ya kai nan ya riga ya zazzage komai.

Shekarar da Turawa za su miƙa mulki, damina ta fara da kyau. An yi shuka da wuri, gero ya tashi kore shar, shinkafa a fadama ta kama. Gari kuma ya cika da zancen 'yancin kai, wanda ya gane da wanda bai gane ba kowa na yi. Muna shiga watan da ake sa ran marka, ruwan nan mai yini yana zuba a hankali, sai wata safiya babanku ya shigo ya tsaya a ƙofar madafa bai ce a ba shi kunu ba.

"Kulu, bana babu marka," ya ce. "Ruwa za su ɗauke, kuma su jima ba su dawo ba."

"Mi kag gani?"

"Iska ta juya, bango ya bushe. Amma za su dawo can ƙarshe, da ƙarhi. Wanda yay yi haƙuri zai samu."

Na ce masa to ya bar shi a cikinsa. Bai bari ba. Da la'asar ya faɗa a gindin ɗorawa, har da shawara: kada a yi gaggawar yin huɗa a ƙasa mai yashi, mai irin wake ya adana shi sai ruwa ya dawo. Wasu suka yi dariya, don a ranar ma an yi yayyafi. Yaya Labbo da ke zaune a wurin aka ce kallonsa kawai ya yi ya ce:

"Arzika, bakinka dai. Hwaɗi alheri ko ka yi kurum."

Akwai wani attajirin kifi a unguwarmu, Alhaji Nomau, mai kai busasshen kifi kudu. Ya daɗe yana son sabon zaure babba a ƙofar gidansa, kuma ya ƙwallafa rai a gama kafin ranar 'yancin kai, wai zai yi baƙi daga nesa. Duk maginin da ya tuntuɓa ya ce masa ya jira rani, ba a gini da damina. Da ya ji abin da babanku ya faɗa sai ya aiko a kira shi. Babanku ya yi lissafinsa, ya ga in dai ruwa ya ɗauke kamar yadda yake zato, zai iya buga tubali ya ta da bango ya yi rufi kafin ya dawo. Ya karɓi aikin. Ni ma na yi murna, ba zan yi ƙarya ba, don damina lokacin kunci ce a gidan magini, kuma ina da cikin Usman. Abin da ba mu lissafa ba shi ne yadda abin zai kasance a idon mutane. Ka tashi ka ce ruwa zai ɗauke, washegari a gan ka kana kwaɓa ƙasa a watan marka, sannan ruwa ya ɗauke. Da ni ce a waje, ban san me zan ce ba.

Ruwa kuwa ya ɗauke. Kwanakin farko ba wanda ya damu. Da aka shiga mako na biyu ganyen gero ya fara naɗewa da rana, sai da yamma ya buɗe, daga baya ya daina buɗewa. Hadari kan haɗo daga gabas baƙi ƙirin, mata su kwashe shanya, a fito da tukwane, sai iska ta zo ta watsa shi. Aka fita roƙon ruwa, aka yi sadakar gumba, aka sake fita. Babanku na sahun gaba duk fitar da aka yi, kuma da gaske yake roƙo, don mu ma muna da 'yar gona a bayan gari. Amma da an shafa fatiha sai ya koma wurin aikinsa, inda tubalinsa ke jere a rana suna bushewa yadda ake so, bangon zaure yana tashi kullum. Duk wanda ya dawo daga gona da baƙin ciki ta ƙofar Alhaji Nomau yake wucewa, ya ga mutum ɗaya a gari wanda fari ya yi wa rana.

A bakin rijiya na fara ji. Ina isowa hira ta mutu. Tumba, maƙwabciyata wadda muke daka tare, wadda ta riƙe ni ranar haihuwar fari, ta ɗauki tulunta bai ma cika ba ta wuce. Da yamma na bi ta gida na tsare ta, don ni ba a yi mini haka in kwana da shi.

"Tumba, mi niy yi miki?"

"Ke ba ki yi komi ba," ta ce, tana kallon ƙasa. "Amma ki ba maigidanki haƙuri. An ce ya bizne wani abu ƙarƙashin ginin Alhaji. Kulu, ɗiyanmu za su sha yunwa."

Na yi dariya a lokacin, dariyar takaici. Ku da kuka tashi a zamanin rediyo da talabijin ba za ku gane ba, amma a da kowa ya yarda akwai masu ɗaure ruwa. Ana cewa masu gini da masu ginin tukwane da masu busar da kaya sun san yadda ake yi, wai a binne laya ko bakin gatari a tushen bango, hadari ya zo ya wuce. Ba wanda ya taɓa gani da idonsa, amma kowa yana da kakan da ya gani. Liman ya yi magana a masallaci cewa ruwa na Allah ne, aka gyaɗa kai, aka fito aka ci gaba daga inda aka tsaya. Na shiga mota da cikina na zo Birni wurin mahaifina, na same shi a zaure cikin littattafansa, na kwashe komai na faɗa masa. Bai ko ɗaga murya ba.

"Wanda yac ce ɗan Adam na riƙe ruwan sama, shi binciki imaninai," ya ce. "Ki ce ma mijinki shi ci gaba da aikinai. Kada shi tanka ma kowa. Ranar da Allah yas saukar da ruwa bango na tsaye, magana ta ƙare."

Na koma Argungu da wannan kamar na ɗauko makami. Babanku ya saurara, ya ce Malam ya yi gaskiya, ya ci gaba da aiki. Amma na ga yana ramewa. Masu taya shi kwaɓa suka fara janyewa ɗaya bayan ɗaya, iyayensu sun hana. A masallaci wanda ke gefensa sai ya ɗan matsa. Gindin ɗorawa kuwa ya daina zama, da ya doso ake tashi. Mutumin da ya saba a kewaye shi ana tambaya, ya koma yana cin tuwo shi kaɗai yana kallon bango.

Wata safiya na ɗebi gishiri zan zuba a miya, na ji ya manne mini a yatsa. Na fito da gudu-gudu da shi a tafin hannu, na tarar da babanku tsaye ya ɗora bayan hannu a bango. Bai bari na yi magana ba, ya ce ya sani, gobe ko jibi. A daidai nan aka yi sallama, Yaya Labbo ya shigo. Ban taɓa ganinsa haka ba. Idonsa ya faɗa, ƙafarsa duk ƙurar gona. Na shimfiɗa masa tabarma, bai hau ba. Ya cire hularsa ya ajiye, ya zauna a ƙasa a gaban ƙanensa. Babanku ya rasa inda zai sa kansa, ya durƙusa shi ma. Ni ina bakin madafa, ina jin komai.

"Arzika, ba hwaɗa niz zaka yi ba. Roƙo niz zaka."

"Yaya, tashi don Allah."

"Ban tashi. Ban taɓa roƙonka komi ba tun kana ƙarami. Geron ga nau in ya ƙara kwana ukku haka, ya tahi. Mutane sun ishe ni, sun ce ni kaɗai kaka jin magana tau. In aikin Alhaji na, ni biya ka abin da kar rasa, ko da jirgina zan saisuwa. Ka tone abin ga, ka sake muna ruwa."

"Yaya, kai ma ka yarda?"

Hawaye kawai na ga suna bin gemun Yaya Labbo. Ya ɗauki hularsa ya fita, ya ce za su jira shi a ƙofar Alhaji bayan azahar.

Abin da ya biyo baya shi ne faɗa mafi girma da muka taɓa yi da babanku, kuma ni kaɗai na yi shi, shi bai ɗaga murya ba. Na ce masa kada ya kuskura. Na ce ga gishiri, ga bango, kwana ɗaya ko biyu ya rage, ya kulle kansa a ɗaki in ya ga dama, ruwa ya sauka bango na tsaye kowa ya ji kunya. Na ce in ya taɓa ginin nan yau, gobe aka yi ruwa, to ya sa hannu da kansa a kan ƙaryar da aka yi masa, har jikokinsa ba za su wanke ta ba. Na tuna masa maganar mahaifina. Na kawo cikin da ke jikina na ɗora a kai, na yi kuka, na yi duk abin da mace ke yi. Ya bar ni har na gaji, sannan ya ce:

"Kulu, duk abin da kic ce gaskiya na. Amma ki duba. In na ƙi, ruwa sunka zo, za su ce tsoro niy ji nis sake a ɓoye. In na tone, sunka zo, za su ce sun gani. Ko ta ina an riga an gama da ni."

"To ka ƙi, ko ba komi ka tsira da aikinka."

"In tsira da bango, Yaya ya kwana da cewa ya zauna ƙasa gabana na hana shi? Wanga mutum shi yag goya ni."

Na ce masa ai goyo ba hauka ba ne. Ya ɗauki daginsa ya fita.

Ban iya zama ba, na yafa zane na bi bayansa, na tsaya cikin mata daga nesa. Unguwa duk ta fito. Bangon zauren ya riga ya wuce tsayin mutum, an jera azara a gefe ana jiran rufi, aiki mai kyau, sumul, ko makaho ya shafa ya san hannun gwani ne. Alhaji Nomau yana ta faɗa yana cewa ba wanda zai taɓa masa gini, dattawa suna ba shi baki. Babanku bai kalli kowa ba. Ya tambayi Yaya Labbo ta ina suke so, wani daga baya ya ce ta gabas, inda hadari ke fitowa. Ya fara haƙa a tushen bangon gabas. Shi kaɗai yake haƙa, ba wanda ya taya shi, wai kada abin ya kama su. Ya bi tushen nan daga wannan kusurwa zuwa waccan, gumi na zuba, yana fito da ƙasa da hannu yana watsawa a gabansu don kowa ya gani. Abin da aka samu shi ne saiwar bishiya da wani tsohon katanga na fasasshiyar tukunya. Har katangan nan sai da wani tsoho ya ɗauka ya juya shi yana shinshinawa. Da tushe ya rame, bangon ya tsage daga sama, babanku ya ja da baya, ya zube gaba ɗaya. Ƙura ta tashi. Na ji wata a kusa da ni tana raɗa cewa irin wannan abin da iska ta taɓa shi yake narkewa, shi ya sa ba a gani ba.

Washegari da la'asar hadari ya haɗo, kuma wannan karon bai watse ba. An yi ruwa irin wanda indararo ba ya iya ɗauka. Ina jin guɗa daga gida zuwa gida, yara sun fito tsirara suna tsalle a cikin rariya. Zan faɗa muku gaskiya, ni ma na fito da tukwanena na tara, kuma da ƙamshin ƙasa ya bugi hancina sai da na ce alhamdu lillahi, don ni ma 'yar ƙasar ce, ina da gona. Amma ina tarar ruwa ina kuka. Babanku yana zaune a bakin ƙofar ɗaki ya miƙe ƙafa, feshi na dukansa bai matsa ba. Sauran tubalin da ke wurin Alhaji duk suka narke a daren. Ruwa ya ci gaba har ƙarshen damina kamar yadda ya faɗa tun farko, gero ya farfaɗo, wanda ya adana irin wake ya shuka ya samu. Ba wanda ya tuna cewa shi ya ce a adana.

Na yi shirin zagi, na yi shirin gori, har na tanadi amsoshi. Abin da ban shirya masa ba shi ne godiya. Tun da safe aka fara sallama. Wannan ya kawo ƙwarya ta gero, wancan ya kawo goro, Tumba ta shigo da fura mai yawa ta rungume ni tana cewa Allah ya saka wa maigida, ya ji tausayin talakawa. Dattawan unguwa suka zo a jere suka yi masa addu'a, suka ce an yafe, kowa na kuskure. Can sai ga Yaya Labbo da giwan ruwa a kafaɗa, kifin da ban taɓa ganin ya ba wani kyauta irinsa ba. Ya ajiye, ya dafa kan ƙanensa, fuskarsa cike da haske.

"Na san ba ka ba ni kunya," ya ce. "Allah shi yi ma albarka. Amma kada ka ƙara."

Babanku ya ce amin. Da suka fita na ce wallahi ba zan dafa kifin nan ba, a kai wa karnuka. Ya ce in dafa, kifi bai yi laifi ba. Na dafa, ya ci loma biyu ya wanke hannu.

Ranar 'yancin kai ta zo ta wuce, ni ban riƙe komai nata ba sai kiɗa daga nesa da 'yan makaranta da ƙananan tutoci, don a makon na haifi Usman. Alhaji Nomau ya tari baƙinsa a rumfar zana, da rani ya ba wani magini aikin. Wannan bai dame mu ba sosai. Abin da ya kore mu daga Argungu shi ne abin da ya zo daga baya. Mutane suka fara zuwa a ɓoye. Mai aurar da 'ya da damina ya zo da goro, wai a taimaka a riƙe masa ruwa na yini ɗaya. Mai shanyar kifi ya zo. Babanku ya rantse musu ba ya iyawa, su yi murmushi su ce sun gane, ba a faɗa. Damina ta gaba kuma, da aka yi kwana kaɗan ba ruwa, na fito na tarar da mutane tsaitsaye a ƙofar gidanmu, kallo kawai suke yi. A ranar ya ce mini in fara haɗa kaya. Bayan kaka muka dawo Birni, mahaifina ya ba mu fili a bayan gidansa. Yaya Labbo ya rako mu har tasha yana ta mamakin abin da zai sa mutum ya bar garinsu alhali an riga an yafe masa.

A Birni ya yi gini shekaru masu yawa, gidaje da dama a Nasarawa hannunsa ne, kafin siminti ya zo ya kashe sana'ar. Amma daga shekarar nan bai ƙara gaya wa wani mahaluki abin da sama za ta yi ba. Ku kanku kun sha tambayarsa kuna yara, Baba za a yi ruwa, ya ce Allah ya sani. Kun ɗauka bai sani ba ne. Ni kuwa ina ganinsa da asuba yana ɗora bayan hannu a bango, in na ga ya kwashe tabarmi ya shigar ɗaki ba tare da ya ce komai ba, sai in kwashe shanyata. Haka muka yi ta yi har ya bar duniya. Na yi kewar surutunsa na gindin ɗorawa fiye da yadda zan iya faɗa, ni da na fi kowa yi masa faɗa a kai.

Zumunci bai yanke ba, ana zuwa suna da jana'iza, amma kullum akwai abin nan a tsakani, kamar tsakuwa a cikin tuwo. Bayan shekaru da yawa aka aiko cewa Yaya Labbo ba lafiya, yana kiran ƙanensa. Muka tafi tare. Mun same shi kwance a ɗakinsa, ya zama ƙashi da fata, muryar nan ƙarama ta ƙara ƙanƙancewa. Ya sa aka fitar da kowa, ni dai na ƙi fita, na zauna a bakin ƙofa. A raina na ce yau dai za a faɗi gaskiya, mutum a bakin kabari yakan ga abin da bai gani ba. Ya kama hannun babanku ya riƙe.

"Arzika, shekarar ga ta zauren Nomau."

"Ina ji, Yaya."

"Ta daɗe tana ci na. Na ce ban tahiya da ita. Abin da kay yi muna, na yahe ma duniya da lahira. Yarinta ta."

Na buɗe baki. Babanku bai juyo ba, ya ɗaga mini hannu ɗaya ta baya, na rufe. Ya sunkuya ya sa goshinsa a kan hannun wansa, shi da furfurarsa.

"Na gode, Yaya," ya ce. "Allah shi yahe muna baki ɗai."

Yaya Labbo ya yi ajiyar zuciya, ya saki jiki, kafin magariba ya cika. A mota muna dawowa bayan an yi sadakar uku na kasa haƙuri. Na ce masa wannan ita ce dama ta ƙarshe da yake da ita a duniya, mutum ɗaya da yake so ya yarda da shi, ya bar shi ya tafi da ƙarya. Ya juya ya kalli fadama ta taga.

"In na hwaɗa mai," ya ce, "sai shi tahi da sanin shi yaz zalunce ni. Gara ni in ɗauka, na saba."